Gwajin Sankarar Jini ga Kyanwoyin da Aka Tsinto: Inda Za a Yarda da Shi da Inda Ya Kamata a Dakata

A gidajen kula da dabbobin da ba su da masu su a Amurka da Turai da Ostireliya, kyanwar da aka tsinto a titi takan fara ne da teburin likitan dabbobi kafin a nema mata mazauni. A nan ake ɗibar jini kaɗan daga jijiyarta a ɗiga a kan wani ɗan farantin roba, a jira minti goma, sannan ɗigo ko layi ya fito ko ya ƙi fitowa. Shekaru da dama wannan alama ita ce ke raba kyanwar da za a ba wani iyali da wadda za a yi wa allurar mutuwa a ranar, ko da kuwa tana cin abincinta tana wasa babu alamar ciwo a jikinta. Tunda hukuncin ya kai wannan nauyi, ya wajaba a san iyakar abin da farantin yake iya faɗa, domin ƙarfinsa da rauninsa ba a wuri ɗaya suke ba, kuma mafi yawan ɓarnar da aka yi da shi ta samo asali ne daga ɗora masa nauyin da ba a ƙera shi don ɗauka ba.

Ƙwayar cutar da ake nema, wato mai haddasa sankarar jini ga kyanwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da FeLV, William Jarrett da abokan aikinsa ne suka gano ta a Jami'ar Glasgow a 1964. A 1973 William Hardy da tawagarsa a New York suka nuna cewa tana yaɗuwa daga kyanwa zuwa kyanwa a zaman gida ɗaya, suka kuma samar da gwajin jinin da aka daɗe ana dogaro da shi. Babbar hanyarta ita ce yawu: kyanwoyi su lashi juna, su ci a kwano ɗaya, muzurai su ciji juna wajen faɗa, uwa kuma tana iya ba 'ya'yanta tun suna ciki ko ta hanyar nono. Ba ta kama mutum, ba ta kuma daɗewa a wajen jiki, sabulu da ruwa ma suna kashe ta. Amma idan ta kafu a jikin kyanwa tana haddasa sankarar kaluluwa da ta jini, da ƙarancin jini mai tsanani, da raunin garkuwar jiki wanda ke buɗe ƙofa ga kowace ƙaramar cuta. Wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa rabin kyanwoyin da aka samu da ita sun mutu cikin kimanin shekara 2.4 bayan gano cutar, alhali takwarorinsu marasa ita sun kai kimanin shekara 6.3. Saboda haka tsoron da masu gidajen dabbobi ke yi mata yana da tushe, kuma ba na ganin laifin wanda ya ƙi haɗa baƙuwar kyanwa da nasa kafin ya san matsayinta.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne abin da farantin yake farauta a cikin jini. Yana neman wani furotin ne na jikin ƙwayar cutar kanta, wanda ake kira p27, kuma wannan furotin yakan cika jini ne kawai a lokacin da ƙwayar ke hayayyafa. Wannan ya ba gwajin wasu falaloli biyu masu muhimmanci ga mai tsinto kyanwa. Allurar rigakafin cutar, wadda aka fara sayarwa a tsakiyar shekarun 1980, ba ta sa gwajin ya nuna cewa akwai cuta; haka nan sojojin garkuwar da 'yar kyanwa ta sha a nonon uwarta ba sa ruɗar da shi, don haka ana iya gwada kyanwa a kowane shekaru. Dole ne a jaddada wannan domin galibin farantan suna gwada cuta biyu a lokaci guda, FeLV da kuma FIV mai karya garkuwar jikin kyanwa, kuma ɓangaren FIV sojojin garkuwa yake nema, shi ya sa 'yar kyanwa da ba ta kai wata shida ba za ta iya nuna alamar FIV alhali abin da ta gada daga nono ne kawai. Mutane da yawa suna cakuɗa dokokin cututtukan biyu, su ce ba a yarda da gwajin sankarar jini ga ƙananan kyanwoyi saboda nono, wanda ba haka ba ne.

Raunin farko na gwajin yana ga lokaci. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da furotin zai yi yawan da farantin zai gan shi, yawanci akan ɗauki har kwana 30, wasu kyanwoyin ma su wuce haka. Ga kyanwar gida da aka san tarihinta wannan ba matsala ba ce, domin an san ranar da ta haɗu da baƙo. Amma wadda aka tsinto babu mai sanin da wa ta kwana jiya, kuma sau da yawa a cikin keji ɗaya ko mota ɗaya aka kwaso ta tare da wasu. Ranar ƙarshe da za ta iya kamuwa ita ce ranar da aka ware ta ita kaɗai, kuma daga wannan rana ake fara ƙirge. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kyanwoyi ta Amurka, AAFP, ta fitar a 2020 suka ce idan akwai yiwuwar kamuwa ta kusa, a sake gwaji bayan aƙalla kwana 30. Sakamakon da ya ce babu cuta a ranar isowa yana bayani ne kan halin da kyanwar take ciki wata guda kafin nan, bai san komai ba game da makonnin ƙarshe da ta yi a titi.

Rauni na biyu ya fi wannan zurfi, domin yana cikin halin cutar ne, kuma babu ingancin faranti da zai kawar da shi. A da ana ɗauka cewa kyanwa ko dai tana da cutar ko ba ta da ita. Da aka sami gwajin PCR, wanda ke iya gano rubutun halittar ƙwayar a cikin ƙwayoyin jikin kyanwa, sai aka ga cewa kamuwar tana bin hanyoyi daban-daban. Akwai kyanwar da garkuwarta ke murƙushe ƙwayar tun a maƙogwaro kafin ta bazu, wadda ba za a taɓa ganin komai a jininta ba sai sojojin garkuwa. Akwai wadda ƙwayar ke cin galaba a kanta, ta shiga ɓargo, ta ci gaba da hayayyafa har ƙarshen rayuwa. Wannan ita ce mai zubar da ƙwayar a yawu kullum, ita ce haɗari ga sauran, ita ce kuma mafi gajeren kwana. Akwai kuma 'yan ƙalilan da ƙwayar ke maƙalewa a gaɓa ɗaya kamar saifa ko hantsa, sakamakon gwajinsu yana fitowa yau ya ɓace gobe.

Wadda ta fi rikitar da masu gwaji ita ce ta tsakiya, wato kamuwa mai lafawa. A nan ƙwayar takan bazu a jini na ɗan lokaci, farantin ya nuna alama, sannan garkuwar jiki ta danne ta, sau da yawa cikin makonni kaɗan, wani lokaci har kusan makonni 16, furotin ya ɓace daga jini. Sai dai wannan ƙwayar tana cikin dangin da ke saka rubutun halittarsu a cikin na mai masaukinsu, don haka tana nan kwance kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Irin wannan kyanwa ba ta yaɗa cutar ta yawu muddin tana cikin wannan hali, kuma da yawansu suna rayuwa mai tsawo lafiya lau, amma jininta na iya kamar da wata idan aka yi ƙarin jini da shi, kuma idan garkuwarta ta faɗi saboda wata cuta ko magunguna masu danne garkuwa, ƙwayar na iya farfaɗowa. Abin da wannan ke nufi shi ne, farantin na iya nuna alama yau kuma ya yi gaskiya, ya ƙi nunawa bayan wata biyu kuma ya sake yin gaskiya. Gidan dabbobin da ya kashe kyanwa a kan sakamakon farko na iya kasancewa ya kashe wadda ke tsakiyar cin nasara a kan cutar.

Sai kuma batun lissafi, wanda a ganina shi ne aka fi jahilta, har a tsakanin ma'aikatan da suka daɗe suna wannan aiki. Cutar ba ta da yawa a tsakanin kyanwoyi masu lafiya. Binciken da aka buga a 2017 kan kyanwoyi fiye da 62,000 a Amurka da Kanada ya sami kashi 3.1 cikin ɗari. Wani da aka yi a ƙasashen Turai 32 aka buga a 2019 ya sami kashi 2.3, inda kudancin Turai ya haura kashi 5, arewacinta kuma bai kai kashi 1 ba. A ɗauka an kawo kyanwoyi 1,000 gida ɗaya, 30 daga cikinsu na ɗauke da cutar, aka kuma yi amfani da faranti mai kyau wanda ke yin daidai sau 98 cikin 100 ta kowane ɓangare. Zai kama kusan 29 daga cikin masu cutar. Amma daga cikin 970 masu lafiya zai yi kuskure a kan kashi 2, wato kusan 19. Jimillar waɗanda za a rubuta wa cewa suna da cutar 48 ke nan, kuma kusan biyu cikin kowane biyar daga cikinsu lafiyarsu ƙalau. A ɗaya ɓangaren, daga cikin fiye da 950 da farantin ya wanke, ɗaya tak ya kuskure. Faranti ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma idan ya ce babu to kusan tabbas ne, idan kuma ya ce akwai to abin bai fi rinjaye kaɗan ba.

Lissafin yana juyawa idan aka canza waɗanda ake gwadawa. Da a ce kyanwoyin dubun marasa lafiya ne, ramammu, dasashinsu ya yi fari saboda ƙarancin jini, ko kuma an kwaso su daga gidan da aka san cutar ta yi katutu, har 300 daga cikinsu na ɗauke da ita, to farantin zai kama 294, ya yi kuskure a kan 14 kawai, kuskuren bai kai kashi 5 na masu alamar ba. Don haka ba a karanta farantin shi kaɗai. Ana karanta shi ne tare da jikin kyanwar da tarihinta. Alama a kan muzuru mai ƙurji da tabon cizo a wuya da zazzaɓi tana da nauyi sosai, alama iri ɗaya a kan lafiyayyar kyanwa mai ƙiba da aka tsinta ita kaɗai tana buƙatar shaida ta biyu kafin a gina komai a kanta.

Kuma kashi 98 ɗin da aka ɗauka a misalin kyautata zato ne, domin farantan ba ɗaya suke ba. Julie Levy ta Jami'ar Florida da abokan aikinta sun gwada farantan kamfanoni huɗu a kan jini iri ɗaya, suka buga sakamakon a 2017: SNAP na kamfanin IDEXX ya dace da ma'aunin da suka yi amfani da shi ɗari bisa ɗari, Witness da Anigen suka wanke masu lafiya daidai a kashi 95.5, VetScan kuma ya tsaya a wajen kashi 86. Idan aka mayar da kashi 95.5 cikin lissafin kyanwoyi dubun nan, masu lafiyar da za a yi wa ƙazafi sun haura 40, sun ma fi masu cutar na gaskiya yawa. A shekarar dai, Mark Westman da abokan aikinsa a Ostireliya suka auna farantai uku da ma'aunin PCR, sai suka ga kowannensu yana kama kusan kashi 60 ne kawai na masu ɗauke da ƙwayar, SNAP kuma ya fi sauran biyun yawan nuna alamar ƙarya. Wanda ya ajiye binciken biyu gefe da gefe zai ɗauka suna ƙaryata juna, alhali babban ɓangaren bambancin ya fito ne daga abin da kowanne ya kira kamuwa: na farko yana ƙirga mai furotin a jini, na biyu yana ƙirga duk mai rubutun ƙwayar a jikinsa, har da masu kamuwa mai lafawa waɗanda farantin ba shi da hanyar ganin su. Duk lokacin da kamfani ya rubuta wani adadi a jikin kwalinsa, tambayar da ya kamata a yi ita ce da me aka auna shi.

Bayan duk wannan akwai kuskuren hannu, wanda ba ya shiga rahoton bincike amma yana cika a gidajen dabbobi inda ma'aikaci ɗaya ke gwada kyanwoyi da yawa a safiya ɗaya. Jinin da ya fashe wajen ɗiba, faranti da aka ciro daga firji ba a bari ya huce ba, karanta sakamako bayan lokacinsa ya wuce har wani dishi-dishin layi ya bayyana, ko musanya sunan kyanwa biyu a takarda, duk suna haifar da sakamakon da ba shi da alaƙa da cutar. Gwajin furotin da yawu ko hawaye ya fi na jini kuskure, kuma ƙa'idojin sun hana haɗa jinin kyanwoyi da yawa a faranti ɗaya don rage kuɗi. Wasu farantan sai an ajiye su a sanyi, wasu kuma suna da iyakar zafin da suke jurewa, kuma wannan ya shafi likitocin dabbobi a Kano ko Sakkwato ko Yamai kai tsaye: kwalin da ya yi bazara a kan kanta, ko a firjin da ke kwana babu wuta, ba za a ɗauki adadin da ke jikinsa a matsayin alkawari ba.

Idan alama ta fito, mataki mafi sauƙi shi ne a sake ɗibar sabon jini a gwada nan take da farantin wani kamfani dabam, zai fi kyau da ruwan jini da aka tace, domin da wuya kamfanoni biyu su yi kuskure iri ɗaya a kan kyanwa ɗaya. Wanda yake da hali sai ya aika jinin ɗakin gwaje-gwaje. Tsohon gwajin Hardy, IFA, yana duba furotin a cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma idan ya nuna alama to yawanci ƙwayar ta riga ta kafu a ɓargo. Amma ba ya gani sai makonni bayan farantin ya fara gani, don haka shirunsa ba ya wanke kyanwa. PCR ya fi shi kaifi, yana ganin rubutun ƙwayar cikin mako ɗaya ko biyu da kamuwa, sai dai yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsafta da ƙwarewa, musamman da yake kowace kyanwa tana ɗauke da wasu tsofaffin gutsattsarin dangin wannan ƙwaya a cikin halittarta tun kakanni, kuma dole gwajin ya iya bambance su da cutar da ake nema. Idan farantin ya ce akwai, PCR ya ce babu, mafi rinjaye farantin ne ya yi kuskure. Idan farantin ya ce babu, PCR ya ce akwai, to ko dai kamuwa ce mai lafawa ko kuma sabuwa ce da ba ta bayyana ba tukuna. Ci gaban da ya fi amfani a 'yan shekarun nan shi ne auna yawan ƙwayar maimakon tsayawa a kan akwai ko babu: binciken da aka buga a 2021 ya nuna cewa rabin kyanwoyin da ke da ƙwayar da yawa sun mutu kafin shekara ɗaya da rabi, alhali fiye da kashi 90 na masu ƙarancinta suna raye bayan shekara huɗu.

Abin da ya faru a birnin Austin na jihar Texas ya nuna yadda wannan yake a aikace. Ƙungiyar Austin Pets Alive! tana karɓar kyanwoyin da wasu gidaje suka gwada suka ce suna da cutar, kuma rahoton da aka buga a 2020 ya bi 801 daga cikinsu. Da aka sake gwada su, 149, wato kusan ɗaya cikin biyar, aka yanke cewa ba su da cutar. Daga cikin waɗanda aka tabbatar suna da ita kuma, kusan huɗu cikin biyar sun sami mutanen da suka ɗauke su, bayan an bayyana musu halin da suke ciki. Wannan adadi na biyu ya rushe hujjar da aka daɗe ana kafawa cewa babu mai son kyanwa mai wannan cuta, na farkon kuma yana sa mutum ya yi tunanin kyanwoyi nawa ne masu lafiya aka hallaka a wuraren da babu gwaji na biyu. Ƙa'idojin 2020 sun faɗa ƙarara cewa ba a kashe kyanwa don kawai gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar.

Ƙananan kyanwoyi suna da tasu matsalar, domin sun fi manya saurin kamuwa da kuma faɗawa cikin kamuwa mai ci gaba, kuma su ne aka fi tsintowa. Wasu gidaje kan gwada uwa kaɗai ko ɗa guda su ɗora sakamakon a kan sauran, wanda kuskure ne, tunda 'ya'yan ciki ɗaya na iya bambanta, kuma uwar da kamuwarta ta lafa na iya fitowa babu alama alhali wani daga cikin 'ya'yanta ya kamu. Kowace ana gwada ta ita kaɗai, ana kuma maimaitawa bayan wata guda idan ba a daɗe da raba ta da titi ba.

Ganin duk wannan, wasu gidajen dabbobi a Amurka sun daina gwada kowace lafiyayyar kyanwa da ke zaune a keji ita kaɗai, suna barin aikin ga likitan wanda ya ɗauke ta, haka ma shirye-shiryen da ke kama kyanwoyin unguwa a fiɗiye su a mayar da su inda suke. Hujjarsu ita ce kuɗin gwada dubu don gano talatin, tare da ƙazafin da za a yi wa wasu, ya fi amfani idan aka kashe shi wajen fiɗiya, wadda ke rage faɗan muzurai da haihuwar 'ya'ya masu cutar, wato manyan hanyoyin yaɗuwarta biyu. Ina ganin sun yi daidai game da kyanwoyin unguwa, inda ba za a sami damar gwaji na biyu ba kuma sakamakon farko ba ya kaiwa ko'ina sai ga allurar mutuwa. Amma ban yarda a bar gwajin ba idan za a zuba kyanwoyi da yawa a ɗaki ɗaya, ko kyanwar ba ta da lafiya, ko za a kai ta gidan da ke da wasu, domin a nan kuskuren rashin gwaji yana faɗawa ne a kan dabbobin da ba su da laifi, kuma wanda ya karɓi kyanwa daga irin wannan gida yana da haƙƙin a gaya masa a fili cewa ba a gwada ta ba.

Ga mutumin da ya tsinci kyanwa yana kuma da wasu a gida, abin da gwajin ke buƙata daga gare shi shi ne ɗaki dabam da kwano dabam na wata guda, gwaji a farko da wani a ƙarshe, da rigakafi ga kyanwoyinsa na asali idan za su zauna tare da baƙuwa, tare da sanin cewa rigakafin yana rage haɗari ne bai kawar da shi gaba ɗaya ba. Idan sakamakon biyu sun ce babu, zai iya buɗe ƙofar. Idan na farko ya ce akwai kuma kyanwar na cikin ƙoshin lafiya, sai ya ci gaba da killace ta, ya nemi farantin wani kamfani ko PCR, ya sake gwadawa bayan makonni shida, idan ya cancanta ya ƙara wasu shida, domin sai a lokacin ne za a iya cewa ƙwayar ta kafu ko garkuwar jiki ta danne ta.